Wa Ke Ciniki, Wa Ke Biya? Nazarin Yajin Aikin Jami'o'i na 2022 da Sauyin Ra'ayi Kan Zaman Tattaunawa

Ranar Litinin, 26 ga Satumban 2022, wata takarda ta fito daga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, tana umartar shugabannin jami'o'in tarayya da shugabannin majalisun gudanarwarsu da su buɗe makarantu, su kuma tabbatar malamai sun koma aji. Kwana biyar kafin nan, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ta bakin Mai Shari'a Polycarp Hamman, ta umarci ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta dakatar da yajin aikin da ta tsunduma tun 14 ga Fabrairu. Ba a kwana ba bayan fitowar takardar NUC, hukumar ta sake fitar da wata takardar tana cewa ta janye ta farkon. Ba ta faɗi dalili ba.

Dalilin kuwa a fili yake. Shugaban jami'a na iya sa masu gadi su wangale ƙofa, ya sa a share azuzuwa, a kunna janareta, amma ba shi da abin da zai sa farfesa ya tsaya gaban allo. Ba shi ya riƙe albashin ba, balle ya ce zai saki. Ba shi ya yi alkawarin 2009 ba, wato yarjejeniyar da gwamnatin tarayya ta ƙulla da ASUU a shekarar, balle ya ce zai cika. A doka, majalisar gudanarwar jami'a ce ke ɗaukar malami aiki, takardar kama aikin ma sa hannun magatakarda ne a kanta. A aikace kuma kuɗin daga Abuja yake fitowa, kuma wanda ke riƙe da makullin baitulmali bai taɓa zama ya sa hannu a yarjejeniya da malamai ba.

Wannan shi ne asalin lamarin da nake son bi a nan. A jami'o'in gwamnatin Najeriya, mai tafiyar da ma'aikata daban, mai zama a teburin tattaunawa daban, mai biya daban. Shekara talatin aka yi ana ciniki a haka, kuma yadda malamai da shugabannin jami'o'i ke kallon wannan cinikin ya sauya sosai a tsawon lokacin. Yajin aikin 2022 ne ya fito da sauyin sarari.

Yadda aka samu teburin

Kafin a kafa ASUU a 1978, akwai wata ƙungiyar malaman jami'a tun 1965, wadda ta fi kama da zauren manyan mutane. Da malaman suka gwada yajin aiki a 1973, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ba ta zauna da su ba. Cewa ta yi duk wanda bai koma aiki ba ya kwashe kayansa daga gidan jami'a. Yajin aikin ya mutu nan take. A wancan zamanin albashi ba abin ciniki ba ne, kwamiti ake kafawa ya yanke: Udoji a 1974, wanda ya cusa jami'o'i cikin tsarin albashin ma'aikatan gwamnati, sai Cookey a 1981, wanda ya sake ware musu nasu. Malaman da yawa ma gani suke shiga layin ƙungiyoyin ƙwadago zubar da girma ne ga mai digirin digirgir.

Talauci ne ya canja wannan tunani. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da Babangida ya kawo daga 1986 ya karya darajar naira, albashin lakcara ya koma abin dariya, har aka riƙa manna takarda a jikin tsofaffin motocin malamai mai cewa albashin da ake ba su su kai gida ba ya iya kai su gidan. A shekarun 1980 ɗin nan shugabancin ASUU ya shiga hannun mutane masu aƙidar gwagwarmaya: Mahmud Modibbo Tukur, masanin tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, sai Festus Iyayi na Jami'ar Benin, sai Attahiru Jega na Jami'ar Bayero. An kori Iyayi daga aiki a 1987 zamanin da Grace Alele-Williams ke shugabantar jami'arsa. A 1988 gwamnati ta haramta ƙungiyar baki ɗaya, ta tsare wasu shugabanninta har da Jega. Ta ɗage haramcin a 1990, ta sake maido shi a tsakiyar yajin aikin 1992.

Amma ranar 3 ga Satumban 1992 gwamnatin soja ta sa hannu a yarjejeniya da mutanen da ta ce ƙungiyarsu ba ta da rai a doka. Wannan ranar ce ta kafa imanin da tsarar malamai guda ta rayu a kai: cewa ana iya jawo gwamnati teburi, kuma yajin aiki ne igiyar jawo ta. Ba a banza suka yi imanin ba. Daga wannan yarjejeniya aka samu harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni, wanda doka ta 7 ta 1993 ta kafa, ya zama asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund a 2011. Duk wanda ya zaga jami'ar gwamnati, ko ta tarayya ko ta jiha, ya ƙirga sababbin gine-ginen da ke ɗauke da wannan tambarin, ya cire su a ransa, zai ga abin da ya rage ba shi da yawa. Idan tsohon ɗan ƙungiya ya tashi a taron reshe yana cewa babu abin da aka taɓa samu sai da yajin aiki, hujjarsa ke nan, kuma tana da ƙarfi.

Sai dai tun tawadar ba ta bushe ba aka ga raunin abin. A 1993 Ben Nwabueze, babban lauya da aka ba kula da ilimi a lokacin, ya ce yarjejeniyar ba irin wadda ke ɗaure gwamnati ɗauri na sosai ba ce. Malamai sun fusata, amma maganarsa tana da tushe a shari'ar da Najeriya ta gada daga Ingila, inda kotuna suka daɗe suna ɗaukar yarjejeniyar ƙungiya da mai ɗaukar aiki a matsayin alkawarin mutunci kawai, sai fa idan an shigar da sharuɗɗanta cikin takardar aikin kowane ma'aikaci. Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 98 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1960, wadda ta tanadi 'yancin ciniki tsakanin ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki. Amincewa da 'yancin ciniki abu ɗaya ne, tilasta wa gwamnati ta biya abin da aka daidaita wani abu ne daban.

Zamanin da shugaban jami'a ke riƙe da bulala

A shekarun soja da farkon farar hula, matsayin shugabannin jami'o'i bai da wuyar ganewa. Su ne hannun gwamnati a harabar makaranta. Su ke buɗe rajistar da mai son albashinsa zai sa hannu, su ke rubuta takardar tuhuma, su ke kora. Inda aka ga shugaban ya gaza, sai a turo kantoma: Abacha ya naɗa Manjo Janar Mamman Kontagora a Jami'ar Ahmadu Bello a 1995, ya naɗa Umaru Gomwalk a Jami'ar Najeriya ta Nsukka, inda aka kori shugaban ASUU na lokacin, Assisi Asobie. A 1996 gwamnatin ta rushe uwar ƙungiya ta ƙasa, ta ce kowane reshe ya je ya daidaita da majalisar gudanarwar jami'arsa. ASUU ta karanta wannan a matsayin dabarar raba kai a ci su ɗaya bayan ɗaya, kuma tun daga lokacin duk wanda ya kawo shawarar a mayar da ciniki hannun kowace jami'a, kallon maƙiyi take yi masa.

Abin da ya faru a Ilorin ya ƙara tabbatar mata da tsoronta. A 2001, ƙarƙashin shugabancin Shuaib Oba Abdulraheem, jami'ar ta kori malamai 49 da suka bi yajin aikin ƙasa. Sai a 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da su, biyar a watan Yuni, sauran a Disamba, wasu sun riga sun rasu. A tsakanin nan Ilorin ta fice daga layin yajin aiki na kusan shekara ashirin, kalandarta ta daidaita, ta kuma zama jami'ar da masu rubuta JAMB suka fi zaɓa shekara da shekaru. Darasi biyu masu karo da juna aka ɗauka daga nan. Malamai suka ce ga abin da shugaba ke yi idan babu uwar ƙungiya. Iyaye da wasu shugabanni suka ce ga yadda makaranta ke tafiya idan babu ita.

Yarjejeniyar Oktoban 2009, wadda Gamaliel Onosode ya jagoranci ɓangaren gwamnati a kanta, ita ce ƙololuwar tsohon tsarin. Ta ƙunshi sabon albashi, alawus na ƙarin aiki, cin gashin kan jami'o'i, kuɗin gyara su, da ɗaga shekarun ritayar farfesa zuwa 70. An rubuta cewa za a riƙa sake dubata duk shekara uku. Ko a lokacin sai da aka ja daga kan wanda zai sa hannu, gwamnati na son majalisun gudanarwa su ƙarasa, tana cewa ba ta da hurumin ɗaure jihohi. Adams Oshiomhole, gwamnan Edo na lokacin, shi ne ya shiga tsakani. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: yajin aikin 2013 daga 1 ga Yuli zuwa 17 ga Disamba, wanda Iyayi ya rasu a cikinsa a hatsarin mota kusa da Lokoja a hanyarsa ta zuwa taro Kano, alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida, wanda aka saki biliyan 200 na farko sannan abin ya koma ɗigo-ɗigo. Sai 2017, sai 2018, sai wata tara a 2020. Kusan duk ba kan sabuwar buƙata aka yi su ba, kan cika tsohuwa ne.

Yadda shugabanni suka sauka daga kujerar abokin gaba

Abu biyu ne suka canja matsayin shugabannin jami'o'i, kuma ba a cika lura da su ba.

Na farko, mutanen ne suka canja. Matasan lakcarorin da suka sha gwagwarmayar 1988 da 1992 su ne suka zama farfesoshi, suka zama shugabannin tsangayoyi, suka hau kujerar shugabancin jami'a. Jega kansa ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 2005 zuwa 2010. Dokar cin gashin kai ta 2003 ta mayar da zaɓen shugaba hannun majalisar gudanarwa, inda wakilan malamai ke da kujeru, don haka mai neman kujerar ba ya son ya ɓata da reshe. Wa'adinsa kuma shekara biyar ne tak. Ya san zai sauko ya koma ofishinsa a sashe, ya ci gaba da karɓar albashin nan da ake faɗa a kansa, ya zauna a masallaci ko coci ɗaya da mutanen da zai kora.

Na biyu ya fi tasiri: gwamnati ce da kanta ta ƙwace ikon shugabannin. Asusun bai-ɗaya na TSA a 2015 ya kwashe kuɗin jami'o'i daga bankunan kasuwanci. Sai IPPIS, manhajar biyan albashi ta ofishin Babban Akanta, wadda Buhari ya ce a 2019 dole kowa ya shiga. An gina ta ne don ma'aikacin ma'aikata mai shiga da safe ya fita da yamma. Ba ta san malamin da ya zo aikin shekara guda, wato hutun sabatika, daga wata jami'a ba, ba ta san mai koyarwar wucin gadi ba, ba ta san baƙon farfesa daga waje ba, alhali sababbin jami'o'i da yawa, musamman a Arewa, da irin waɗannan suke cike gurbi har su samu amincewar NUC kan kwasa-kwasansu. Shugaban jami'a da ke son ɗaukar lakcara ɗaya tal a sashen da ya rasa malami sai ya bi ofis-ofis a Abuja neman izini. Ma'ajin jami'a, wanda da shi ake zuwa wa idan albashi ya zo a gutsure, ya koma mai cewa shi ma bai ga takardar ba. Da ASUU ta kawo tata manhajar, UTAS, ta ce IPPIS ta saɓa wa dokar cin gashin kai, yaƙin shugabannin take yi musu, su kuwa ba su da bakin faɗa a fili. Kama Babban Akanta Ahmed Idris da EFCC ta yi a Mayun 2022 kan zargin biliyoyin naira, ana tsakiyar yajin aikin, ya ƙara wa ƙungiyar abin faɗa.

Ga inda abin ya fi ɗaukar hankalina. Duba waɗanda gwamnati ke turowa su yi ciniki a madadinta. Wale Babalakin a 2017 lauya ne ɗan kasuwa, ya zo da ra'ayin a ɗora wa ɗalibai kuɗi a ba su rance, shi ne kaɗai ASUU ta yi faɗa da shi ƙiri-ƙiri har ya ajiye a 2020. Bayansa Munzali Jibril, tsohon shugaban NUC, ya kammala daftari a 2021. Gwamnati ta ajiye shi a aljihun tebur. Sai Nimi Briggs, tsohon shugaban Jami'ar Fatakwal, a Maris ɗin 2022, shi ma cikin 'yan watanni ya daidaita da ƙungiyar. Wato duk sa'ad da aka zaunar da mutanen jami'a da mutanen jami'a, suna fahimtar juna. Sai Ministan Ƙwadago Chris Ngige ya fito ya ce ba da ma'aikatar kuɗi da ofishin kasafi da hukumar tsara albashi aka yanke ba, gwamnati kuma ba ta da kuɗin. Kamar a kasuwar kara ne, ka yini kana ciniki da dillali, a yi taya a yi albarka har ya ce ya sallama, sai da magariba a ce maka mai saniyar bai sani ba. A watan Agusta Ministan Ilimi Adamu Adamu ya zo da adadi daga sama, ƙarin kashi 35 cikin ɗari ga farfesoshi, 23.5 ga sauran, a karɓa ko a bari. ASUU ta ce wannan kyauta ce ba ciniki ba, ranar 29 ga Agusta ta mayar da yajin aikin na sai-baba-ta-gani.

Ranar 6 ga Satumba ministan ya tara shugabannin jami'o'i da na majalisun gudanarwa a Abuja. Da a 1996 ne, da sun koma sun buɗe rajista. A 2022 roƙo suka koma yi wa ɓangarorin biyu. Ba don sun zama 'yan ƙungiya ba. Da yawansu a keɓe suna ƙorafin cewa reshen ASUU ya zama gwamnati cikin gwamnati, yana sa baki a naɗe-naɗe da ƙarin girma, kuma su ne iyaye ke zagi. Abin da ya canja shi ne sun daina ganin ƙungiyar a matsayin barazana ga ikonsu, tunda ikon ya riga ya tafi wani wuri, sun koma ganin ta a matsayin mai karɓo musu abin da su ba su iya nema.

A jihohi labarin ya sha bamban, domin can mai biya yana kusa kuma yana da fuska. Nasir El-Rufai ya yi barazanar korar malaman Jami'ar Jihar Kaduna, yana cewa ba da gwamnatinsa suke rigima ba. Gwamnatin Edo ta dakatar da harkokin ƙungiyoyi a Jami'ar Ambrose Alli da ke Ekpoma. Jami'o'in jihohin Kwara da Osun ba su shiga ba tun farko. Shugabannin majalisun gudanarwar jami'o'in jihohi suka fito suka ce yarjejeniyar Abuja ba ta ɗaure gwamnoni. Tambayarsu tana da nauyi: me ya sa malami zai rufe aji a Kaduna kan IPPIS da ba da ita ake biyansa ba? Amsar ASUU ma tana da nauyi: albashin da jihar ke biya da ginin da TETFund ta yi mata duk daga teburin Abuja suka fito. Da shugaban ƙungiyar, Emmanuel Osodeke, ya yi wa wasu jami'o'in jihohi shaguɓe a talabijin cewa ba su cika jami'a ba, ya ɓata ran mutanen da ƙungiyar ke buƙata.

Su ma'aikatan fa?

Ranar 4 ga Oktoba Ngige ya miƙa takardar rajista ga ƙungiyoyi biyu, kishiyoyin ASUU: CONUA, wadda ta samo asali daga rikicin reshen Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife a 2018, da NAMDA ta malamai likitoci. Ba shakka siyasa ce ta zaɓi ranar. Amma kuskure ne a ɗauka ministan ne ya ƙirƙiro ɓarakar. Malamin likitanci na da marasa lafiya a asibitin koyarwa da ɗaliban da hukumar likitoci ke ƙirga musu watanni. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato irin waɗannan malaman sun nuna cewa su ba su ajiye aiki ba. 'Yan CONUA kuwa ba cewa suka yi a daina ciniki ba, cewa suka yi a yi shi aji na buɗe. Yadda za su sa gwamnati ta saurare su ba tare da rufe ajin ba, ban ga sun ba da amsa mai gamsarwa ba, kuma tarihin 1992 ba ya bayansu.

Ma'aikatan da ba sa koyarwa nasu ciwon daban. SSANU da NASU da NAAT kowace na da tata yarjejeniyar ta 2009, kuma sun daɗe suna jin cewa ASUU ke cin nama a bar musu romo. Rabon naira biliyan 40 na alawus bayan yajin aikin 2020, inda aka ware wa malamai kashi 75 cikin ɗari, ya kai su ga nasu yajin aikin a farkon 2021. Har manhajar albashi tasu suka kawo daban. A 2022 sun shiga a Maris, suka janye a Agusta, suka bar ASUU ita kaɗai. Wanda ya taɓa zama a harabar jami'a ranar da su ne ke yaji ya san ƙarfinsu: famfo ya ƙafe, wuta ta ɗauke, asibitin makaranta a rufe, ɗakin karatu da kwaɗo, babu mai buga takardar sakamako. Amma gwamnati na tattaunawa da su ne a ɗaki daban, a rana daban, duk abin da ta ba wannan kuma sai ya zama dalilin fushin wancan. Haka ASUP ta kwalejojin fasaha da COEASU ta kwalejojin ilimi, kowace da nata layin.

Sauyin da ya fi zurfi yana cikin ASUU ɗin kanta, ko da yake ba ya fitowa a sanarwa. Tsarinta na dimokuraɗiyya ne: ana taron reshe a babban ɗakin lacca, shugaban reshe ya karanto rahoton uwar ƙungiya, a ɗaga hannu, a kai sakamako majalisar zartarwa ta ƙasa. A 2022 hannuwan sun ci gaba da tashi har ƙarshe. Sai dai mai ɗaga hannun ya yi wata bakwai ba albashi. Gwamnati ta ɗauko sashe na 43 na dokar rikicin ma'aikata, ba aiki ba albashi, wanda a baya barazana ce kawai, a ƙarshe a biya bashin baki ɗaya. Ƙaramin lakcara mai iyali ya ci bashin ƙungiyar adashi ta ma'aikata har ta ƙare, ya ci na mai shago, wani ya sa motarsa a haya, wani ya koma gona da damina. Ƙarin girmansa ya tsaya, digirinsa na uku ya tsaya tunda mai duba shi ma yana yaji. Shi bai ga 1992 ba, 2009 ma yana ɗalibi. Abin da ya gani shi ne albashin da bai motsa ba tun lokacin da dala ke wajen naira 150, har farfesa a ƙarshen matakinsa na karɓar dubu ɗari huɗu da 'yan kai.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ranar 7 ga Oktoba sai an koma aiki kafin a saurari ƙara. Kakakin Majalisar Wakilai Femi Gbajabiamila ya shiga tsakani, ranar 14 ga Oktoba aka janye, wata takwas cif, babu yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Da albashin Oktoba ya shigo wayoyi a farkon Nuwamba, rabi ne, an ƙirga daga ranar da aka koma. Mutanen da za su koyar da darussan da aka bari, su gyara jarabawar da aka ɗage, su duba kundin ɗaliban da suka taru, an lissafa su kamar masu aikin yini. A ganina wannan rabin albashin ya yi wa imani da teburin tattaunawa illa fiye da hukuncin kotu. A Mayun 2023 Kotun Ma'aikata, ƙarƙashin shugabanta Benedict Kanyip, ta tabbatar da cewa gwamnati na da ikon hana albashin lokacin yaji.

Jama'a ma sun ja baya. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi zanga-zangar goyon baya a ƙarshen Yuli, ɗalibai sun tare hanyoyi har da ta filin jirgin saman Legas, amma masu faɗa a ji ba su ji zafin ba. Tun 1999 da aka ba jami'o'i masu zaman kansu uku na farko lasisi, adadinsu ya haura ɗari a 2022, kuma ASUU ba ta da reshe a cikinsu. Mai hali a Kano ko Katsina ya kai ɗansa Al-Qalam ko Skyline, ko ya tsallaka da shi Maraɗi, ko Sudan kafin yaƙi, ko Cyprus. Yajin aiki makami ne da ke cin wanda ɗansa ke cikin makarantar, kuma mai yanke hukunci ya daɗe da fitar da nasa.

Abin da ya biyo baya

Gwamnatin Tinubu ta ba da wasu daga cikin abubuwan da aka yi faɗa a kai, amma ta hanyar da ta zaɓa. A Oktoban 2023 ta ce ta sassauta dokar ba aiki ba albashi, za ta biya albashin wata huɗu cikin takwas da aka riƙe, aka biya a farkon 2024, aka tsallake SSANU da NASU, su ma sai da suka yi yaji a Maris da kuma Oktoban shekarar. A Disamban 2023 majalisar zartarwa ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS, ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, wanda shi ma tsohon shugaban jami'a ne, ya kafa hujja da cewa bai dace shugabanni su riƙa barin aikinsu suna zarya Abuja kan albashi ba. Hujjar ASUU ce ta tun 2019, amma ta fito a matsayin alheri daga fadar shugaban ƙasa. Ita wannan gwamnatin kuma ita ce ta rushe majalisun gudanarwar jami'o'in tarayya a Yunin 2023, aka yi kusan shekara babu su, wato babu ma wanda doka ta sani a matsayin mai ɗaukar malamai aiki.

Shugabannin jami'o'i kuwa sun nemi mafita inda suke da iko. A 2023 jami'o'in tarayya da dama, har da Bayero da Maiduguri da Legas, suka ninka kuɗin rajista, suna kuka da kuɗin wuta da na dizal, gwamnati kuma ta kawo asusun rancen ɗalibai na NELFUND. Abin da Babalakin ya kawo teburi aka ƙi ke nan, ya shigo ta bayan gida ba tare da an tattauna da kowa ba. Ƙungiyar da ta yi shekara talatin tana cewa ba za a ɗora wa ɗan talaka kuɗin jami'a ba ta yi Allah wadai, amma 'ya'yanta na zaune a majalisun dattawan jami'o'in da suka amince da ƙarin, domin sun ga takardar kuɗin wutar da idonsu.

A Oktoban 2024 aka ƙaddamar da kwamiti na huɗu kan sake duba yarjejeniyar 2009, ƙarƙashin Yayale Ahmed. Wannan karon ba farfesa aka ɗauko ba. Tsohon shugaban ma'aikatan tarayya ne kuma tsohon sakataren gwamnati, mutumin da ya san ofisoshin da Ngige ya ce an tsallake a 2022.